Yadda za ka zaɓi kalmar Turanci idan tafiya ta yi nauyi

Idan na ba ɗalibai aikin insha'i da Turanci, kuma labarin ya kai inda wani ya gaji, ko ya ji ciwo, ko ya ɗauko kaya mai nauyi, na riga na san jimlar da zan gani: "He walked slowly." Wanda ya so ya burge ni sai ya ƙara *very*. Tsoho mai dogara sanda haka, mai tsohon ciki haka, ɗan dako da buhun masara a ka haka, wanda ya sha naushi a filin dambe ma haka. Nahawu bai karye ba, don haka ba na sa jan biro a wurin. Sai dai mai karatu bai ga kowa ba.

Wannan ɗalibin kuwa, da a ce da Hausa yake ba ka labarin, ba zai taɓa haɗa mutanen nan a tafiya iri ɗaya ba. Zai ce ɗan dako yana tafe tinƙis-tinƙis, ɗan dambe ya yi taga-taga, tsoho yana jan ƙafa, wani ƙato ya shigo buguzum-buguzum. Ashe ido yana da shi. Abin da ya shige masa duhu shi ne inda Turanci yake ajiye wannan bayani. Mu mukan bar "tafiya" yadda take, mu rataya mata amsa-kama irin su tinƙis-tinƙis ko wata kalma a gefe. Bature a cikin aikatau ɗin kansa yake cusa yanayin tafiyar, kalma ɗaya ta ɗauke duka. Wani masanin harshe ɗan Amurka, Leonard Talmy, ya yi bayanin haka a 1985: Turanci da Jamusanci sun fi sa yanayin motsi a cikin aikatau, su bar wa ƙananan kalmomi irin su *in* da *out* da *up* aikin nuna inda aka dosa, su kuma Faransanci da Sifaniyanci sukan sa inda aka dosa a cikin aikatau, yanayin ya biyo daga baya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci su lura da nan sosai. Inda suka saba cewa "il est sorti en boitant", Bature "he limped out" zai ce, ya wuce wurin.

Kada ka fara da buɗe ƙamus. Fara da tambayar kanka me ya sa tafiyar mutumin nan ta yi nauyi. Gajiya ce, girman jiki ne, ciwo ne, jiri ne, ko kuwa kasala ce kawai ta hana shi ɗaga ƙafa? Amsar da ka bayar ita za ta nuna maka kalmar.

In gajiya ce, kalmomi biyu ne a gabanka, *trudge* da *plod*, kuma a nan na fi daɗewa da ɗalibai domin ƙamus da yawa suna fassara kowacce da 'yar'uwarta. A *trudge* akwai wahala. Ko dai ƙasar ce take riƙe ƙafa, kamar taɓo ko rairayi ko hawan tudu, ko kaya ne a ka, ko kuma zuciya ce ba ta son tafiyar. Manoma sun tashi daga gona bayan ruwan sama, laka ta kama takalma, kowane taku sai an fizgo ƙafa: "The farmers trudged home through the mud." Yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗin makaranta, ko da kan kwalta yake tafiya, shi ma *trudge* yake yi, domin nauyin a ransa yake. Tinƙis-tinƙis ɗinmu ya fi kusa da wannan.

Ita *plod* ba ta damu da ɓacin rai ba. Taku ne mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri, ba tsayawa. Dubi shanun huɗa da safe: su kai ƙarshen kunya, su juyo, su sake kaiwa, takunsu na farko da na ƙarshe duk ɗaya. Haka jakin da ya san hanyar gida. "The donkey plodded along the road." Sannu-sannu kwana nesa, wannan ita ce *plod*. Shi ya sa ake aro ta a kai wajen aiki, a ce mutum yana *plodding through* wani dogon littafi mai gundura, wato yana ci a hankali, ba daɗi amma bai ajiye ba. In ka ji an kira mutum *plodder*, to yabo ne da ɗan zagi a ciki: yana da naci, ba shi da kaifi. Ga gwajin da nake ba ɗalibai. In kana so mai karatu ya tausaya wa mutumin, ka ce *trudge*. In kana so ya ga nacinsa ko rashin armashin tafiyar, ka ce *plod*. Akwai ta uku, *slog*, ta doguwar wahala, amma ta fi dacewa da hira fiye da rubutun hukuma.

In kuwa girman jiki ne, *lumber* ce. Giwa a dajin Yankari tana *lumber*. Tirela maƙare da siminti tana hawa tudu tana nishi, ita ma haka. Ƙaton mutum da in ya motsa sai ka ji kamar ɗakin ya cika, shi ne mai buguzum-buguzum, shi ne kuma "he lumbered into the room". Siriri ba ya *lumber* komai gajiyarsa, wannan kuskure ne da nake yawan gani. A lura da abu biyu. Ana furta *b* ɗin da ke cikinta, saɓanin *plumber*, mai gyaran famfo, inda *b* ba ta fita. Sannan in ka ga *lumber* a matsayin suna a rubutun Amurka, katako ake nufi, abin da mutanen Ingila suke kira *timber*.

Kusa da ita akwai *waddle*, tafiyar agwagwa: gajeren taku, jiki yana karkata dama da hagu. Ana faɗinta ga mai ƙiba da mai tsohon ciki, kuma tana zana hoton daidai, amma akwai dariya a cikinta. Ka iya sa ta a ƙagaggen labari. Kada ka kuskura ka rubuta ta game da gwaggonka ko shugaban makarantarku.

Sai mai jan ƙafa. Saurari tsohuwa da asuba tana ratsa tsakar gida da silifas za ta yi alwala, ƙafar ba ta rabuwa da ƙasa, sai sautin gogar siminti kake ji. Wannan *shuffle* ce, kunne yake fara kama ta kafin ido. Mutanen da ke layi a banki, in aka matsa kaɗan su ja ƙafa su matsa, "the queue shuffled forward". Kalmar ce dai ake amfani da ita wajen cakuɗa karta, daga nan kuma jaridu suka samo *reshuffle*, abin da gidajen rediyonmu suke kira garambawul idan gwamna ya sauya wa kwamishinoni ma'aikatu. Ita *shamble* ta wuce ƙafa, ta haɗa da dukan jiki: kafaɗu sun zube, hannaye suna reto, kai a sunkuye, tafiya ba tsari, kamar wanda aka tasa daga barci aka ce ya je ya buɗe ƙofa. Ba a cika jin ta a Turancin Najeriya ba, amma 'yar'uwarta *shambles* kullum tana kanun jarida, a ce harkar lafiya ko ta ilimi tana "in shambles", wato ta taɓarɓare. Asalin wannan kalma teburan da mahauta suke baza nama ne, daga nan ta koma nufin kwata, daga kwata ta koma duk wurin da ya hargitse. Har yau akwai wani tsohon lungu a birnin York na Ingila da ake kira Shambles, inda mahauta suka yi zamani.

Na ciwo ba su da wuyar ganewa, kuma gidan kallon ƙwallo ya fi aji koyar da su. Ka kasa kunne ga mai sharhi idan ɗan wasa ya ji rauni. In ƙafa ɗaya ce, yana takawa yana ɗagewa, zai ce "he limped off". Wannan ɗingishi ne, *limp* kenan. In ciwon ya yi tsanani, takun ya gajarce, da ƙyar yake kai kansa bakin fili, sai ka ji "he hobbled off". Wanda ya yi doguwar tafiya da sabon takalmi har ƙafafu biyu suka yi bororo shi ma *hobble* yake yi. Hanyar da nake sa ɗalibai su riƙe wannan kalma ita ce ɗaya ma'anar tata: dabaibayi. In ka ɗaure wa jaki ƙafafun gaba don kada ya yi nisa, da Turanci ka yi *hobble* ɗinsa. Duk wanda ya taɓa ganin jaki da dabaibayi yana ƙoƙarin kaiwa ga ciyawa ya ga tafiyar da ake nufi.

Inda ɗalibai suka fi cakuɗa abubuwa shi ne tafiyar da faɗuwa take bin ta a baya. *Stumble* tuntuɓe ne, abu ne na lokaci ɗaya: ƙafa ta bugi dutse, ka yi gaba kamar za ka kifa, ka tsaya ko ka faɗi. *Stagger* kuwa tangaɗi ne mai ci gaba, taku da yawa, kowanne yana neman kai ka wani gefe. Ɗan damben da aka sama da kyau a muƙamuƙi, ya yi baya taga-taga kafin ya dafa ƙasa, *stagger* ya yi. Haka mashayi, haka mai jiri, haka wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa: "He staggered under the load." Ga bambancinta da *trudge* a wurin ɗan dako guda: in ya iya da buhun, yana dai shan wuya, *trudge* ne, in buhun ne yake juya shi, *stagger* ne. Idan jarida ta ce an sace "a staggering amount", tana nufin adadin ya isa ya sa mai ji ya yi tangaɗi. *Totter* ta raunin ƙafa ce, tangal-tangal: tsoho tukuf, majinyacin da ya fara tashi bayan doguwar kwanciya, budurwar da ba ta saba da takalmi mai tsini ba. Kamfani ko gwamnatin da ke gab da rushewa ma ana cewa tana *tottering*. Kada ka haɗa ta da *toddle*, tafiyar yaron da ya bar rarrafe yana koyon taku, inda aka samo *toddler*. Ta ƙarshe a wannan gida ita ce *lurch*, fizga guda ba zato. Kana cikin adaidaita-sahu, direba ya faɗa rami ko ya saki kuloci da ƙarfi, kowa ya yi gaba ya dawo: "The tricycle lurched forward."

Masu ƙara kuwa a taƙaice: *stomp* takun mai fushi ne da yake buga ƙafa don a san ransa a ɓace yake, *clomp* ko *clump* ƙarar takalmi mai nauyi ce a kan bene ko daɓe. *Blunder* shi ne afka wa abubuwa a duhu ko cikin rashin lura, *flounder* kuma fafutukar wanda ruwa ko taɓo ya rutsa da shi. *Fumble* ta hannu ce, ba ta ƙafa ba. Mai laluben makulli a aljihu cikin duhu, ko mai tsaron gidan da ƙwallo ta suɓuce masa, su ne masu *fumble*.

Yanzu ga tarkon. Ɗalibi ya ji malam ya ce a daina *walked slowly*, sai ya buɗe waya ya nemi kalmomi masu ma'ana ɗaya, ya kwaso ta farko da ta yi masa kyau a ido. Na taɓa karanta labarin wani uba da ya ɗauko ɗansa rai a hannun Allah, wai "he strolled to the hospital". *Stroll* yawon shan iska ne! Ita da *amble* da *saunter* duk tafiya ce a hankali, amma ta mai kwanciyar hankali, wanda ba abin da ya dame shi, *saunter* ma har da ɗan taƙama a ciki. *Dawdle* ta yaron da aka aika ce, yana tafe yana tsaye-tsaye yana kallon masu wasa. *Creep* da *tiptoe* sanɗa ce. Duk suna da jinkiri, ba ko ɗaya mai nauyi. Jerin kalmomin da waya take ba ka ba ya faɗa maka wannan, shi ya sa ba na yarda ɗalibi ya yi amfani da kalmar da bai ga ta a cikin cikakkiyar jimla ba. Akwai kuma *trek*, wadda a Najeriya muka mai da ita duk wata tafiyar ƙasa, ko daga gida zuwa bakin titi ne. A Turancin jarrabawa doguwar tafiya ce mai wuya, ta kwanaki ko ta nisan gaske. Daga bakin Turawan Bowa na Afirka ta Kudu ta shigo Turanci, waɗanda suka yi ƙaura da kekunan shanu a shekarun 1830.

In ka samu kalmar, saura ka zaunar da ita a jimla, kuma ƙa'idar farko ita ce ka cire *slowly*. "He plodded slowly" maimaici ne, domin ba wanda yake *plod* da sauri. Gurbin da ka samu sai ka sa inda aka dosa. Yawancin waɗannan aikatau ƙi-karɓau ne a wannan ma'ana, wato suna ba ya bin su kai tsaye, abin da suke so a bayansu shi ne *through*, *along*, *up*, *across*, *into*, *out*, *off* ko *back*. Kowacce tana da abokan da ta fi sabawa da su: *trudge through* taɓo, *trudge up* tudu, *plod along* ko *plod on*, *stagger out*, *stumble over* dutse. Amma *stumble on* ko *stumble across* na iya nufin ka ci karo da abu ba tare da ka nema ba, don haka a duba. *Home* kuma ba ta son *to* a gabanta: "trudged home" ake cewa.

Wajen rubutu, *plod* tana ninka baƙin ƙarshe, *plodded*, *plodding*. *Stagger* da *totter* da *lumber* ba sa ninka *r*. *Trudge* da *shuffle* da *hobble* suna zubar da *e* kafin *-ing*. *Creep* ba ta bin layi, *crept* ce a shuɗaɗɗen lokaci. Wajen furuci kuwa, mu Hausawa mun san inda ƙafarmu take zamewa, wato tsakanin *p* da *f*. In ba ka rufe leɓɓa sosai a farkon *plod* ba, mai sauraro zai ɗauka ambaliya kake nufi, *flood*, ko da yake wasulansu ma sun bambanta. Haka *limp* da *limb*: ta farko ana jin *p* ɗinta, ta biyu, wadda take nufin hannu ko ƙafa, *b* ɗinta shiru take. Irin waɗannan ne ake ɗana wa ɗalibai a takardar furuci ta WAEC da NECO.

Tun da an zo kan jarrabawa, ga wurin da wannan ilimi yake kawo maki kai tsaye. A ɓangaren karanta labari da amsa tambayoyi, akan ɗauko kalmomi daga cikin labarin a ce ka kawo wata da za ta iya maye gurbin kowacce yadda aka yi amfani da ita. In aka ba ka *trudged*, amsarka ta zo da siffa iri ɗaya: *plodded*. In ka rubuta *plod* ka saki lokaci, in ka rubuta *slowly* ka sauya ajin kalmar gaba ɗaya. Ka ɗauki amsarka ka sa ta a cikin jimlar, ka karanta a zuci. In ba ta zauna ba, ba ita ba ce.

Sifofin ma suna da nasu rabon. *Clumsy* shi ne wanda kullum sai ya ture kofi ko ya taka wani. *Ungainly* ta tsarin jiki ce, kamar raƙumi lokacin da yake miƙewa daga durƙuso, baya ya fara tashi kafin gaba. *Ponderous* nauyi ne da jinkiri tare, daga kalmar Latin mai nufin nauyi, kuma ana faɗinta ga jawabin da ya ƙi ƙarewa. *Sluggish* kasala ce, irin ta bayan an ci tuwo da rana, ana kuma faɗinta ga kasuwar da ba ciniki. *Cumbersome* da *unwieldy* na kaya ne masu wuyar ɗauka, kamar katifa a kan babur. Ba a siffanta tafiyar mutum da su.

Ga aikin da nake bayarwa, wanda ya fi haddar jerin kalmomi amfani nesa ba kusa ba. Ka sami wuri ka zauna inda jama'a suke wucewa da kaya, tashar mota ko kasuwar hatsi irin ta Dawanau, da ɗan littafi a hannu. Ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi da ido. Fara rubuta tafiyarsa da Hausa, da amsa-kamar da ta zo bakinka, domin a nan idonka ya fi kaifi. Sannan ka tambayi kanka dalilin nauyin, ka zaɓi aikatau na Turanci, ka ƙara inda ya dosa. In ka koma gida ka duba kalmar a ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, kuma misalan jimlolin za ka karanta fiye da ma'anar. In amsa-kamar ce ta tsaya maka, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tara su da yawa tare da bayaninsu da Turanci, sai dai Turancin nasa na da ne, ka ɗauki ma'anar ka bar salon. Na Roxana Ma Newman na 1990, daga Turanci zuwa Hausa, zai taimaka in ta ɗaya ɓangaren ka fito.

Wanda ya koyi waɗannan kalmomi sabo-sabo yakan so ya zuba su duka a shafi ɗaya, kowa a labarin yana tangaɗi ko ɗingishi har ka rasa mai lafiya a garin. Insha'in WAEC kalmomi 450 ne ko sama da haka kaɗan, biyu ko uku daga cikin waɗannan sun isa, a wuraren da tafiyar take faɗin wani abu game da halin da mutumin yake ciki. In mutum ya tashi ne kawai ya je shago ya dawo, *walked* ce kalmarsa. A wasiƙar hukuma ko rahoto kuwa ka bar su gaba ɗaya, in ban da *limp* da *stumble* idan kana bayanin rauni ko haɗari. In kuma wata rana ka ci karo da *galumph*, tafiyar ƙato mai tsalle-tsalle da hayaniya, marubucin Ingila Lewis Carroll ne ya ƙirƙiro ta a wata waƙar ban dariya a 1871, ta kuma samu shiga ƙamus. Ta raha ce, ka ajiye ta don hira da abokai.